Kashe makirufon kwamfuta da taƙaita izinin manhajoji

Kashe makirufon kwamfuta shi ne hana na'urar ɗaukar sauti, ko ta jikin kwamfutar ko wadda aka jona mata, isar da abin da ta ji ga manhajoji. Hanyoyin yin haka suna da yawa, kuma ƙarfinsu bai zo ɗaya ba. Akwai maɓallin yin shiru a cikin manhajar kira, akwai janye izini a saitunan babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, akwai dakatar da na'urar gaba ɗaya, sannan akwai yanke mata layi a zahiri. Da yawan masu amfani da kwamfuta suna ɗaukar waɗannan a matsayin abu guda, alhali kowannensu yana da irin mai sauraron da yake iya tarewa da wanda ya fi ƙarfinsa.

Dalilin damuwa

Kusan kowace kwamfutar cinya ta zamani tana zuwa da makirufo ɗaya ko biyu, galibi a saman allo kusa da kyamara, girmansu 'yan milimita kaɗan. Kyamara ana liƙa mata takarda a huta. Sauti kuwa yana ratsa tef da roba, ya shiga ta kowace kafa ta jikin kwamfutar, don haka toshe ramin yana dusashe murya ne kawai. A 2016 wani hoton Mark Zuckerberg, shugaban Facebook, ya jawo magana sosai bayan an hango tef a kan kyamarar kwamfutarsa da kuma wajen ramin sautinta.

Masu leƙen asiri sun daɗe da gane amfanin wannan na'ura. Muguwar manhajar nan Flame, wadda aka bankaɗo a 2012 a kwamfutocin Iran da wasu ƙasashen Gabas ta Tsakiya, tana iya kunna makirufo ta naɗi hirar da ake yi a ɗaki. A 2017 kamfanin tsaro na CyberX ya fallasa wani kutse da ya kira BugDrop, wanda ya fi shafar cibiyoyi a Yukiren, inda ake naɗar sauti ana tura shi ta Dropbox, wani rumbun ajiye fayiloli a intanet. Ba sai da kutse ba ma. A 2019 rahotannin 'yan jarida suka nuna cewa Amazon da Google da Apple da Microsoft suna ba ma'aikatan kwantiragi guntayen muryoyin masu amfani da mataimakan murya irin su Alexa da Siri da Cortana domin su saurara su gyara kurakuran na'ura, har da waɗanda aka naɗa bisa kuskure ba tare da mai muryar ya kira mataimakin ba.

Izini a babbar manhaja

A da, duk manhajar da aka girka a kwamfuta tana iya buɗe makirufo ba tare da ta tambayi kowa ba. Wayoyin hannu ne suka riga kwamfuta ɗaukar tsarin neman izini, daga baya ita ma ta bi sahu.

A Windows 10, wadda ta fito a 2015, an ware wa makirufo shafi a sashen sirri na saituna. Sabuntawar 2018 ta ƙara maɓalli guda da ke rufe shi ga kwamfutar baki ɗaya, ta 2019 kuma ta kawo ɗan hoton makirufo da ke bayyana a ƙasan allo duk lokacin da wata manhaja take saurare. Windows 11 ta gaji wannan tsari. Sai dai akwai giɓi da ya kamata a sani: manhajojin da aka sauke daga rumbun Microsoft ana iya ba wannan izini a hana waccan, amma manhajojin gargajiya da ake girkawa daga intanet, waɗanda su ne mafi yawa, maɓalli ɗaya suke da shi. Ko a buɗe musu duka, ko a rufe musu duka. Abin da shafin yake bayarwa a kansu shi ne jerin waɗanda suka taɓa makirufon da lokacin da suka yi hakan, kuma leƙa wannan jeri lokaci-lokaci yana da amfani ƙwarai.

Apple ta fi tsaurarawa. Tun daga macOS Mojave, babbar manhajar kwamfutocinta da ta fito a 2018, kowace manhaja, daga ina ma aka samo ta, sai ta nemi amincewar mai kwamfuta a karon farko da za ta buɗe makirufo, kuma ana iya janye amincewar daga baya ɗaya bayan ɗaya. A 2021 macOS Monterey ta ƙara ɗigo mai launin ruwan lemo a saman allo, alamar cewa makirufo yana aiki. A babbar manhajar Linux ana rage ko rufe shigar sauti ta manhajojin sarrafa sauti na PulseAudio ko PipeWire, amma manhajojin da ba a killace ba, wato waɗanda ba a taƙaita abin da za su iya taɓawa ba, ba sa neman izini.

Burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, tana da nata mataki. Idan an ba Chrome ko Firefox izini, ba yana nufin kowane shafi ya samu ba. Shafin sai ya sake tambaya, kuma manyan burauzoji ba sa ba da makirufo ga shafin da ba ya kan amintacciyar hanyar HTTPS. Matsalar da aka fi samu ita ce izinin dindindin da mutum ya bayar don kira guda, ya manta, ya zauna shekaru a cikin saituna.

Maɓallin yin shiru

Maɓallin yin shiru shi ne mafi rauni, kuma shi aka fi dogara da shi. Idan mutum ya danna shi a manhajar taron bidiyo, abin da ya faru shi ne manhajar ta daina aika muryarsa ga abokan taro. Makirufon yana nan a buɗe a hannunta, shi ya sa wasu manhajojin suke iya tunatar da mutum cewa yana magana alhali ya rufe murya. Wani bincike da masana daga Jami'ar Wisconsin-Madison da Jami'ar Loyola ta Chicago suka wallafa a 2022 ya gano cewa manhajar taron bidiyo ta Webex tana ci gaba da karanta sauti a wannan hali, tana kuma aika ƙididdigar ƙarfinsa zuwa na'urorin kamfanin. Cisco, mai manhajar, ta dakatar da aika wannan bayani bayan an sanar da ita.

Kashewa daga tushe

A Windows ana iya dakatar da makirufon ta Device Manager, wato sashen kula da na'urorin da ke jikin kwamfuta, sai ya ɓace wa manhajoji kamar babu shi. Wannan ya isa ga manhaja mai yawan shisshigi, amma muguwar manhajar da ta ƙwace ikon mai gudanarwa, wato cikakken iko a kan kwamfutar, tana iya mayar da shi, kamar yadda take iya sauya duk wani izini da ke cikin saituna. Mataki na gaba shi ne BIOS ko UEFI, wato ƙaramar manhajar da ke fara aiki da zarar an kunna kwamfuta, inda wasu kwamfutoci, musamman na ofis irin su ThinkPad, suke barin a kashe makirufo tun kafin babbar manhaja ta tashi.

Mafi ƙarfi shi ne yankewa a zahiri. Kwamfutocin Librem na kamfanin Purism da na Framework suna da makunni da ake turawa da yatsa, wanda ke katse makirufon a kan wayoyinsa. Kwamfutocin MacBook na Apple masu guntun lantarki na tsaro da ake kira T2, tun daga 2018, da waɗanda suka biyo baya, suna katse shi da zarar an rufe murfi, ta yadda ko babbar manhajar ba ta da ikon kunna shi. Wasu cibiyoyi masu tsananin sirri cire makirufon suke yi ɗungurungum, su riƙa jona na USB idan buƙata ta taso.

Akwai kuma tsohuwar dabarar cusa filogin da ba shi da makirufo a ramin da ake jona abin saurare na kunne. Wannan yaudarar kwamfuta ce kawai ta ɗauka an jona na waje. Na ciki yana nan da ransa, kuma manhaja tana iya zaɓarsa kai tsaye. Cire makirufon ma bai rufe kowace ƙofa ba, domin lasifika da makirufo kusan ƙira ɗaya ce da ke aiki ta fuska biyu. A 2016 masu bincike a Jami'ar Ben-Gurion ta Isra'ila suka nuna cewa ana iya umartar guntun lantarki mai sarrafa sauti na kamfanin Realtek, wanda ke cikin kwamfutoci masu ɗimbin yawa, ya juya ramin fitar sauti ya zama na shiga, sai abin sauraren da aka bari a jone ya koma ɗaukar maganar da ake yi a kusa da shi.