PEP: maganin gaggawa na kariya daga ƙanjamau

PEP, kamar yadda ma'aikatan asibiti ke kiransa a taƙaice, magani ne da ake bai wa wanda ba ya ɗauke da ƙwayar cutar HIV amma ana fargabar ta shiga jikinsa. Ana shan sa kullum har kwana 28, kuma dole a fara cikin awa 72 da faruwar abin. In kwana uku suka wuce, ba a bayar da shi, don ƙwayar cutar ta riga ta samu gindin zama. Cikin ukun ma, wanda ya fara a ranar farko ya fi wanda ya kai ta uku.

Da ma'aikatan lafiya aka soma. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1997 ya nuna cewa shan maganin zidobudin bayan sukar allura mai jinin mai cutar ya rage haɗarin kamuwa da kusan kashi 80 cikin ɗari. Daga baya aka faɗaɗa shi zuwa waɗanda aka yi wa fyaɗe, da wanda ya sadu ba kororon roba ko ya fashe masa, da masu allura da sirinji ɗaya. Yankan askar wanzami ko rezar mai yankan farce ma akan duba, in akwai ɗanyen jinin wani a jiki. Yawu, gumi, cizon sauro da cin abinci a kwano ɗaya ba sa yaɗa cutar, ba kuma a ba da magani saboda su.

Wanda allura ta soka ya wanke wurin da ruwa da sabulu, kada ya matse, ya nufi asibiti. Can za a ɗebi jini daga yatsa a yi gwaji. In ya nuna da ma akwai cutar, sai a ɗora mutum kan cikakken magani. In babu, a ba shi haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi so: tenofobir, lamibudin da dolutegirabir, a ƙwaya ɗaya, sau ɗaya a rana. Akan duba ciwon hanta nau'in B, domin biyu daga cikin magungunan suna danne shi, yana kuma iya tasowa in aka daina. Tashin zuciya, ciwon kai da kasala su ne abin da aka fi kuka da shi, kuma su ke sa wasu ajiye kwalbar a sati na biyu, wanda hakan ɓarnar wahala ce. Maganin gyambon ciki na ruwa da ƙwayar ƙarin jini suna rage ƙarfin dolutegirabir in aka haɗa su lokaci guda, mai shan su ya faɗa wa likita.

A binciken ƙasa na 2018, Katsina na cikin jihohin da cutar ta fi ƙaranci, kusan kashi 0.3 cikin ɗari, alhali ƙasar baki ɗaya tana da 1.4. Ƙarancin nan yakan jawo sakaci. Ana samun maganin a asibitocin da ke da sashen masu ƙanjamau, irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da manyan asibitocin gwamnati. Ranar Asabar ko tsakar dare, sashen gaggawa ake zuwa, ba a jiran Litinin.

Abin da ya fi cinye awoyin nan shi ne kunya, musamman a maganar fyaɗe. Kafin uwa ta faɗa wa uba, a kira kawu, a je gidan mai unguwa, a zauna sulhu don rufin asiri, kwana uku sun tafi. Ai sulhun ba ya gudu, amma maganin yana da wa'adi. A zuwa asibitin nan ɗaya ake ba yarinyar maganin hana ɗaukar ciki da na cututtukan sanyi.

Bayan an gama kwana 28, ana komawa gwaji, na ƙarshe a wata na uku. Kafin nan ana amfani da kororon roba, ba a kuma ba da gudummawar jini.