Tamilawan Gandun Shayi na Sri Lanka a Ƙagaggun Labarai

Tamilawan tsaunuka, waɗanda ake kira Malaiyaha, jikokin 'yan ƙwadago ne da Turawan Ingila suka riƙa kwasowa daga kudancin Indiya zuwa tsibirin Silon, wato Sri Lanka ta yau, tun wajen shekarun 1820 zuwa 1830. Mafi yawan labaran da aka rubuta a kansu da harshen Tamil ne, kuma kusan duk suna zagaye abu uku: bashi, matsattsen ɗaki, da rashin ƙasa.

Asali

Da farko gonakin gahawa suka yi wa aiki. Da cutar ganye ta fara cinye gahawa daga 1869, sai aka koma shayi, wanda James Taylor ya fara shukawa a gandun Loolecondera a 1867. Kangani, wato shugaban 'yan ƙwadago, shi ne ke zuwa ƙauye ya tara mutane, ya ba su rance, ya taso su a ƙafa daga gaɓar Mannar har cikin tsaunuka. Da yawa sun mutu a hanya. Wanda ya isa kuwa, bashin ya riƙe shi a gandu.

Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta bar yawancinsu ba su da ƙasa. Yarjejeniyar 1964 tsakanin firayim ministocin Silon da Indiya, Sirima da Shastri, ta tsara kai mutum 525,000 Indiya, a ba 300,000 takardar zama 'yan ƙasa. Sai a 2003 aka ba sauran.

Marubuta

Ana yawan fara lissafi da gajeren labarin Pudhumaipithan, marubuci ɗan Indiya, mai suna Thunbakkeni, wajen 1935. C. V. Velupillai, haifaffen gandu kuma jagoran ƙungiyar ƙwadago, ya shiga majalisa a 1947, ya yi rubutu da Turanci da Tamil, ya kuma tattara waƙoƙin ma'aikata. A 1964 Kokilam Subbiah ta fitar da Thoorathu Pachai, labarin macen da yunwa ta koro daga ƙauyensu a Indiya ta tsufa a gandu. Thelivathai Joseph, wanda ya rasu a 2022, ya fi shahara a gajerun labarai.

Abin da labaran ke nunawa

Ƙarfin waɗannan labarai yana cikin ƙananan abubuwa. Mace ta fita da asuba da kwando a baya, igiyarsa a goshi, tana tsinke ganye biyu da toho. Da yamma a wurin awo a rage mata nauyi, wai ganyen ya jiƙe, ba ta da bakin magana. Ta koma layam, dogon gini mai ɗakuna a jere, inda iyali guda ke girki da kwana da haihuwa a ɗaki ɗaya. Marubutan da suka tashi a can ba su mai da ita abin tausayi kawai ba. Tana faɗa, tana waƙa, tana shiga yajin aiki, kuma ana nuna azabar da take sha daga miji da kangani, ba daga Bature kaɗai ba.

Ana saɓani kan ko wannan adabi reshe ne na adabin Tamilawan Sri Lanka ko mai zaman kansa ne. Kaɗan daga cikinsa aka fassara zuwa wasu harsuna.