Ma'anar binciken gini kafin saye

Binciken gini kafin saye shi ne mai niyyar sayen gida ya ɗauko masanin gini wanda ba shi da alaƙa da mai gidan ko dillali, ya biya shi daga aljihunsa, domin ya duba gidan ciki da waje ya rubuta masa rahoton halin da ginin yake ciki kafin a ƙulla ciniki. Wannan aiki ya bambanta da ƙiyasta kuɗin gida da banki yake sa a yi kafin ya ba da bashi, domin banki darajar gidan yake nema, shi kuwa mai saye aibun gidan yake nema.

A Ostiraliya wannan aiki sananne ne, kuma yana da ƙa'ida rubutacciya mai lamba AS 4349.1 ta shekarar 2007. Doka a can ta ɗora wa mai saye nauyin buɗe idonsa, saɓanin abin da muka sani a fiƙihu na damar mayar da kaya idan aibu ɓoyayye ya bayyana bayan ciniki. A jihar New South Wales, inda birnin Sidni yake, mai saye yana da kwana 5 na aiki bayan musayar takardun yarjejeniya da zai iya fasawa a cikinsu, ya yi asarar kashi 0.25 cikin ɗari na kuɗin gidan. Wanda ya saya a wurin gwanjo ba shi da wannan dama ko kaɗan, saboda haka idan bai sa an duba ba kafin ranar gwanjon, ya yi cinikin biri a sama.

Mai binciken yakan duba rufi, ya leƙa cikin silin, ya bi bango yana neman tsagewa, ya gwada danshi a banɗaki, sannan ya kasa abin da ya gani zuwa babban aibu, da ƙaramin aibu, da abin da zai iya jawo haɗari ga rai. Sai dai aikin na ido ne kawai. Ba ya fasa bango, ba ya tona ƙasa, ba ya ture kabad, kuma duk inda bai samu shiga ba sai ya rubuta cewa bai shiga ba. A ganina wannan shafi na wuraren da ba a duba ba ya fi kowane shafi cancantar a karanta shi da natsuwa, amma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Binciken gara ma aiki ne daban mai ƙa'idarsa, ko da yake sau da yawa ana haɗa su a rana ɗaya.

Abin da ya sa maganar take da nauyi a sababbin unguwanni shi ne yadda sabon fenti yake kwantar wa mutum da hankali. Unguwanni irin su Tarneit da Point Cook a yammacin birnin Melbon na Ostiraliya an gina su ne cikin hanzari a kan tsofaffin filayen noma da kiwo, kuma ƙasar yankin laka ce mai kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke ta dare idan ta bushe, kamar dai ƙasar fadama da take tsattsagewa da rani. Gidaje da dama an zuba musu daɓen kankare a lokacin dogon farin da ya ƙare wajen 2009, lokacin da lakar take a bushe, da ruwa mai yawa ya sauko a 2010 da 2011 sai ƙasar ta kumbura ta ɗaga gefen daɓen, bango ya tsage, ƙofofi suka ƙi rufuwa. Shi ya sa mai binciken da ya san aikinsa yake daɗewa a tsakar gida fiye da falo, yana duba ko ƙasa ta gangara ta nesanta ruwa daga jikin gini, da ko bututun da yake sauko da ruwan rufi an haɗa shi da magudana ko kuwa a gindin bango yake zuba.

Akwai kuma batun lamunin magini. A New South Wales doka ta ɗaure magini da gyaran babban aibu har shekara 6 daga kammala gini, sauran aibobi kuma shekara 2, kuma wannan haƙƙi yana bin gidan zuwa ga wanda ya saya daga baya. Wanda zai sayi gida mai shekara biyar, ke nan, saura masa shekara guda ya gano babban aibu ya nemi gyara.

Mai neman gida a sababbin rukunin gidaje na Abuja, irin na Lokogoma da Lugbe da suka sha fama da ambaliya, ba shi da irin wannan wa'adi na fasawa sai in ya sa an rubuta shi a yarjejeniya. Abin da yake hannunsa shi ne ya ɗauko injiniya ko magini mai rajista kafin ya biya kafin alƙalami, kuma in da hali a je duba gidan da damina, washegarin ruwa mai ƙarfi.