Tawadar Silikon a Firintar Feshi: Tambayoyi da Amsoshi

Mece ce tawadar silikon?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu haɗa tagar gilashi da alminiyam ya ga silikon. Shi ne abin da suke matsowa a bakin gilashi, yana warin ruwan khal, kashegari ya zama roba. Tawadar silikon 'yar gidansu ce. Tawadar da muka saba da ita bushewa take yi, ruwan ya tashi, launi ya zauna a takarda. Wannan kuwa nuna take yi: ƙwayoyinta, waɗanda suke kamar dogayen zarurruka, suna ƙulluwa da juna har su zama fatar roba mai miƙewa, wadda ke jure zafi har wajen digiri 200 a ma'aunin Salshiyas.

Me ya sa ba za a yi amfani da tawadar gama-gari ba?

Saboda silikon ba ya yarda a manne masa. Ka ɗiga ruwa a kan murfin waya na silikon, za ka ga ya dunƙule yana gangara kamar a kan ganyen gwaza. Haka tawadar gama-gari take yi masa. Ko ta kama, ana jan robar sai rubutun ya tsattsage, farce ma ya isa ya kankare shi. Akan gyara fuskar robar da filasma, wato iskar gas da aka caja da lantarki, kafin bugu, amma tasirin yana gushewa cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki. Abin da ke kama silikon da gaske silikon ne ɗan'uwansa. Shi ya sa abin hannu na roba da ake rabawa a taruka, da hular iyo, da maɓallan rimot, da kayan wasanni masu miƙewa suke buƙatar irin wannan tawada.

To ina wahalar take, tunda an daɗe ana buga ta da allon raga?

A nan gizo ke saƙar. Mai buga riga da allon raga yana son tawada mai kauri, ya shafa ta da faifan roba. Firintar feshi kuwa tana harba ɗigo ta hujin da faɗinsa bai wuce maikiromita 20 zuwa 50 ba, wanda sau da yawa bai kai kaurin gashin kai ba (maikiromita dubu ne ke yin milimita ɗaya). Idan aka ce kaurin ruwan sha 1 ne, yawancin kawunan firinta, wato sashen da ke ɗauke da hujojin, ba sa harba abin da ya wuce 20. Sanannen silikon na ɗakunan bincike, Sylgard 184 na kamfanin Dow, bayan an haɗa shi yana wajen 3,500.

Dole ke nan a tsinka shi, kuma kowace hanya da kuɗinta. In an zuba sinadarin tsinkawa da yawa, bayan ya tashi fatar da ta rage takan yi siriri ta tsuke. In an zaɓi silikon mai gajerun zarurruka, wanda dama ruwa-ruwa ne, robar takan fito da tauri, ta rasa miƙewar da aka neme ta dominta. Wasu na ɗumama kan firintar don tawadar ta saki, amma zafin nan shi ne ke tayar da nuna. A ganina duk gwanintar masu haɗa ta a nan take: ta zama kamar ruwa a cikin kai, ta zama roba da zarar ta sauka.

Akwai kuma halin silikon na malala. Yakan bazu a bakin hujin ya jiƙa shi, sai ɗigo ya riƙa fita a karkace.

Yaya take nuna?

Irin silikon na masu gilashi da danshin iska yake nuna, don haka bai dace ba. Zai daskare a bakin huji. An fi dogara da hanyoyi biyu. Ta farko da filatinam ake yi, wani ƙarfe mai tayar da nuna, ɗan mitsitsi ƙwarai, sai a gasa. Sanannen nau'insa sunan Bruce Karstedt na kamfanin General Electric a Amurka yake ɗauke da shi. Ana ƙara wani sinadari mai taka masa burki don kada ya fara aiki a cikin tanki. Aibin filatinam saurin guba: farar wuta, ko kuza, ko ma taɓa aikin da safar hannu ta robar latex, sai wurin ya ƙi nuna, ya tsaya yana danƙo.

Ta biyu hasken UV ce, wani haske da ido ba ya gani. Fitila tana bin kan firintar, tawadar ta kama cikin sakanni kafin ta malala. Sai dai iskar da muke shaƙa tana hana saman wasu nau'o'in nuna sosai, kuma launi mai duhu yana tare hasken daga isa ƙasa.

Launi fa?

Garin launin sai an niƙa shi ƙasa da maikiromita 1, kuma a samu abin da zai hana shi curewa a cikin silikon. Fari ya fi ba da wahala domin nauyinsa. Yakan kwanta kamar gasara a gindin roba, shi ya sa ake sa shi yana zagayawa a cikin na'urar.

An taɓa kai wannan fasaha kasuwa?

Kamfanin Wacker na Jamus ya fito da ACEO a 2016, na'urar da ke ɗora silikon ɗigo-ɗigo tana nunar da shi da hasken UV har a gina abu sukutum. A ƙarshen 2021 ya rufe sashen. Masu bincike kuwa suna ci gaba da ita wajen na'urorin lantarki masu lanƙwasuwa da ake manna wa jiki.

Zan iya ɗura ta a firintar shagona?

Don Allah kada ka yi. Yawancin ƙananan firintocin HP da Canon tafasa ruwan cikin tawada suke yi don su harba ɗigo, tawadar silikon kuwa ba ruwa a cikinta. Na Epson matsawa suke yi, amma robobin cikinsu na iya kumbura da sinadarin tsinkawa. Silikon kuma idan ya nuna a cikin huji ba ya narkewa da abin wanke kai, sai dai ka sayi sabon kai.