Amosanin Gaɓɓai da Yarda da Kai

A wurin aikinmu, maganar da muka fi ji daga bakin masu amosanin gaɓɓai ita ce: "Gwiwar nan ta ƙare, gara in zauna." Wannan magana tana cutar da mai ita, domin tsoron motsi yana sa tsokar cinya ta yi laushi, idan kuwa ta yi laushi nauyin jiki sai ya koma kan gaɓar, zafin ya ƙaru, tsoron ma ya ƙaru.

Ciwon ba na mutum ɗaya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kimanin mutum miliyan 528 ne ke fama da nau'insa da ake kira osteoarthritis, kusan kashi 60 cikin 100 mata ne, kuma gwiwa ce ya fi kamawa. Guringuntsin da ke lulluɓe kan ƙasusuwa ne ke sirancewa, amma shi kansa ba shi da jijiyar jin zafi. Raɗaɗin daga ƙashin da ke ƙarƙashinsa yake fitowa da sauran naman da ke kewaye da gaɓar. Shi ya sa hoton ƙashi ba ya faɗin komai da komai: wani hotonsa ya nuna gaɓar ta lalace amma yana yawonsa, wani kuma hotonsa da sauƙi amma tashi daga kujera yana gagararsa.

Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya yi bayani a 1977 cewa amincewar mutum da iyawarsa tana da tasiri a kan abin da zai gwada da tsawon lokacin da zai jure. Daga baya Kate Lorig da abokan aikinta a Jami'ar Stanford ta Amurka suka lura cewa masu ciwon gaɓɓai da wannan amincewa ta ƙaru a zukatansu sun fi samun sassauci. Kada a fahimci wannan da cewa zafin ƙarya ne; zafin gaskiya ne, sai dai ƙwaƙwalwa tana iya rura shi ko ta rage masa kaifi.

A ganina, lallashi kaɗai ba ya haifar da wannan yarda, sai mutum ya ga nasara da idonsa. Ka zauna a kujera mai ƙarfi, ka naɗe hannuwa a ƙirji, ka miƙe a hankali sau biyar, ka rubuta adadin a takarda. Bayan mako biyu, idan biyar ta zama takwas, wannan takarda ta fi kowace nasiha. Ɗan zafin da ya lafa kafin washegari ba alamar ɓarna ba ne. Idan ya wuce haka, a rage yawan motsin, kada a daina.

Ga mai ƙiba, kowane kilo ɗaya da ya sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku. Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac suna taimakawa, amma yawan shansu yana iya taɓa ciki da ƙoda, saboda haka a nemi shawarar likita. Gaɓar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi kamar wuta tare da zazzaɓi, ba ta motsa jiki ba ce, a garzaya da ita asibiti a ranar.