Ku Daina Miƙa wa Ƙananan Yara Waya Don Su Yi Shiru

Da wuya mako ya wuce ba a kawo mini yaro ɗan shekara biyu ko biyu da rabi asibiti ba, mahaifiyarsa cikin damuwa tana cewa har yanzu bakinsa bai buɗe ba. Nakan duba kunnensa, in auna nauyinsa, sau da yawa in tarar lafiyarsa ƙalau. Kafin ma in tambayi yadda yake yini, sai yaron ya fara rigima, uwar ta zaro waya ta miƙa masa, nan take ya yi tsit.

Iyaye, na san kuna gajiya, na kuma san ba don ƙin 'ya'yanku kuke yin haka ba. Amma yaro yana koyon magana ne daga fuskar mutum: ya yi gwaranci a amsa masa, ya nuna abu da yatsa a faɗa masa sunansa, ya yi murmushi a mayar masa. Waya kuwa surutunta kawai take yi, ba ta jiran amsarsa. Kafin yaro ya cika shekara 5 ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta, kuma waɗannan shekarun ne muke bari su ƙare a gaban gilashin waya.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu yi mini alfahari cewa ɗansu ya iya latsa waya da kansa. Wace tsiya latsawar ta tsinana masa alhali bai iya cewa "ba ni ruwa" ba? Kuma yaron da duk kukansa da waya ake toshe shi, yaushe zai koyi haƙuri da kwantar da kansa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa tun 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini.

Ku ɗauke wayar lokacin cin abinci da kafin barci, ku ma iyaye maza ku ajiye taku. Ku riƙa yi masa hira ana wanka, ku rera masa waƙa, ku bar shi ya yi wasa da 'yan'uwansa. Zai yi kuka na 'yan kwanaki, ku daure. Idan ya cika shekara 2 bai haɗa kalmomi biyu ba, ko ana kiran sunansa ba ya waiwayowa, ku kawo shi asibiti a gwada jinsa, kada ku zauna jiran bakin ya buɗe da kansa.