Kaɗaicin Tsufa a Tsakanin Hausawan Legas

Kaɗaicin tsufa shi ne halin da dattijo yake shiga idan ya rasa abokan hira da masu leƙo shi, ko kuma yana cikin mutane amma ba wanda ransa ya saba da shi. Masana lafiya suna raba abin gida biyu. Akwai yankewa daga jama'a, wadda ana iya ƙirga ta: mutum nawa suka yi masa sallama a mako? Akwai kuma kewa, wadda a zuci take. A Legas, inda Hausawa suka haura shekara ɗari suna zaune a Agege da Idi-Araba da Obalende, sau da yawa biyun kan haɗu a kan mutum ɗaya.

Asalin matsalar

Yawancin dattawan nan neman kuɗi ne ya kawo su Ikko suna samari. Tun da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, fataucin goro da na shanu ya riƙa jawo mutanen arewa, Agege kuwa ta zama babban zangonsu. Daga baya kasuwar Mile 12 da mayankar Oko-Oba da Alaba Rago suka ɗauki wasu dubbai: 'yan dako, mahauta, masu gadi, 'yan canji, masu shayi.

A nan gizo yake saƙar. Ɗan cirani a wurin sana'a yake samun mutanensa. A rumfa yake cin abinci, a can yake jin labarin gida, a can ake tsokanarsa. Ranar da ƙarfi ya ƙare, gwiwa ta ƙi ɗaukar buhu ko ido ya daina ganin hanya, ba abincinsa kaɗai ya tafi ba, har majalisarsa. Tsaransa wasu sun rasu, wasu sun koma arewa. Shi kuma komawar tana yi masa nauyi, domin wanda ya shekara talatin a Kurmi yana jin kunyar shiga garinsu hannu rabbana, ga shi waɗanda suka san shi a can sun ƙare. Da ma Bahaushe ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Yanayin birnin ma ba ya taimakawa. Ɗakin haya guda ba ya ɗaukar kaka da jikoki kamar yadda gidan gado mai zaure da sassa yake ɗauka. Cunkoson motoci kan mayar da gaisuwa aikin yini guda, kuɗin mota kuma ya tashi sosai bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Tsoho mai sanda ba ya iya kokawar shiga danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas. Sai ka same shi da hantsi a kan benci a ƙofar ɗaki, rediyo a kunne, buta a gefe, ana ta wucewa ana gaishe shi da "sannu Baba" ba wanda ya tsaya ya ji amsa.

Na tsofaffin mata ya fi ɓuya. Wadda mijinta ya rasu, 'ya'ya suka yi aure nesa, ba ta da masallacin da za a ga gurbinta sau biyar a rana.

Illarsa ga lafiya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti kan batun kaɗaici a watan Nuwamban 2023. Rahotonsa na watan Yunin 2025 ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, kuma ana danganta shi da mutuwar mutum kimanin 871,000 a shekara. Bincike ya alaƙanta shi da ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon mantuwa da ciwon damuwa. Wani ɓangaren dalilin a fili yake: wanda ba a leƙawa, ba mai tuna masa maganin hawan jini, ba mai lura cewa kwanon jiya yana nan a rufe bai taɓa ba.

Inda taimako yake fitowa

Masallacin unguwa ne kan gaba. Dattijon da ba a gani a sahun asuba ba kwana biyu, liman ko ladan zai tura yaro: "Je ka dubo Malam, ko lafiya?" Wannan ɗan aike ya ceci rayuka, kuma bai kamata a raina shi ba. Tafsirin azumi, zaman makoki, suna da ɗaurin aure duk suna fitar da tsoho daga ɗaki.

Sarakunan Hausawa na unguwanni da shugabannin kasuwa kan sa baki a haɗa kuɗin asibiti, ko kuɗin mota ga wanda ya yanke shawarar komawa gida. Haka ma ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya. Mata kuwa suna da Islamiyyar matan aure da adashi, inda zuwa kai zubi kan zama dalilin hira. Ba a rasa maƙwabta Yarbawa da ke aiko wa tsohon da suka daɗe tare abinci.

Ta fuskar hukuma, an sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, gwamnatin tarayya kuma ta amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021. Jihar Legas tana da gidan tsofaffi a Yaba, sai dai Hausawa da yawa suna ganin kai mahaifi irin wannan gida abin kunya ne. Mai gadi da ɗan dako kuma ba su da fansho.

Wayar salula ta rage wani abu. Saƙon murya na WhatsApp ya dace da tsohon da bai yi boko ba, yana jin muryar jikansa daga Katsina ko Sakkwato, sai dai yakan jira wani yaron maƙwabta ya dawo daga makaranta kafin a buɗe masa.